Dutsen da Uwani Ta Shafa wa Fenti

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a randar da ta fito daga hannuna ba sai an gaya masa sunana ba. Amma Rahila, 'yar ƙanena da ke rubuta wannan, ta ce dole a sa suna. To, ni ce Asabe maginiya, daga gabas da Malumfashi. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Yumɓu na sani, kuma na san shi.

Sai na fara gaya muku abu ɗaya, in ba haka ba za ku ce tsohuwa ta haye teku don ta yi kuka a kan tsakuwa. Randa ba ta cika randa sai an goge ta. In an gina ta, ta sha iska, ba ta bushe ba, ba ta kuma da lema, sai a shafa mata jar ƙasa, a ɗauki abu mai santsi a yi ta bin jikinta har ta riƙa ɗaukar ido. Wasu da 'ya'yan kuka suke yi. Hansatu maƙwabciyata, wadda muka tashi tare muke kuma kasa kaya gefe da gefe a kasuwa, da kwalbar lemo take yi. Ni kuwa da dutse nake yi, baƙi wuluk, mai faɗi, ya cika tafin hannu daidai. Kakana ne ya zo da shi daga fataucin kurmi ya ba uwata, ita kuma ta ba ni, ta ce kada in ba kowa aro, kada kuma in bar shi a rana. Duwatsun wajenmu duk kaushi gare su, karce tukunya suke yi, don haka ba wanda ke da irinsa. Shekara arba'in ina tsokanar Hansatu da shi. In mai saye ya tsaya tsakaninmu sai in ce, "Matso nan, ɗana, bar randar 'yar kwalba."

Kafin in taso zuwa Amurka, matar mai unguwa ta tsallake ƙofar Hansatu ta zo wurina, ta ce randa biyu take so na auren 'yarta bayan kaka, irin masu sheƙin nan. Na ce ta sa a ranta an gama. Dutsen kuwa na ƙulle shi a tsumma na taho da shi, don ban yarda in bar shi a gida ba.

Zangona na farko Stapleton ne, a tsibirin New York da suke kira Staten Island, gidan autana Ishaya, hawa na uku. Shi aikin jinya yake yi a asibiti, matarsa Rifkatu tana koyarwa. 'Yarsu ɗaya ce, shekararta tara. Sunan uwata aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwani nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana sai ta mayar maka da Turanci.

Sun karɓe ni hannu bibbiyu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma gidan nan ba ƙasa. Ka duba ƙarƙashinka katako, ka leƙa taga kwalta. Cikin sati biyu hannuna ya yi laushi kamar na matar gwamna, farcena ya yi fari fat, na dube shi kunya ta kama ni. In kewa ta taso sai in kwance dutsen, in zauna bakin taga ina murza shi ina kallon jiragen ruwa suna wucewa.

Ran wata Talata na ajiye shi a bakin tagar nan na shiga wanka, na fito na ɗan kishingiɗa. Da na tashi, babu dutse. Na ɗaga katifa, na zazzage jaka, na leƙa har cikin kwandon shara. Can da la'asar Uwani ta shigo ita da uwarta, yatsunta duk fenti ja.

Na ce, "Uwani, kin ga dutsena?"

Ta washe baki ta zubo wani dogon Turanci, tana nuna waje da hannu. Na ga Rifkatu ta dafe ƙirji.

"Mama, ki zauna tukuna."

"A tsaye zan ji."

Ashe a shekarun nan wani yayi ne ya kama yaran ƙasar. Su sami dutse mai santsi, su shafa masa fenti, su zana fure ko fuska, su kai lambun unguwa su ɓoye, wanda ya tsinta ya ɗauka ya ji daɗi. Uwani ta duba duk gidan ba ta ga dutsen da ya kai nawa santsi ba. Ta mayar da shi wani ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigo, har da idanu, ta kai shi gindin bishiya ta ajiye wa baƙo.

Ko ɗankwali ban gyara ba muka sauka. Gindin bishiyar wayam. Mutanen lambun suka ga tsohuwa durƙushe tana yaye ciyawa, suka tambaya, Rifkatu ta yi musu bayani. Wallahi mutanen kirki ne. Wata mata mai jan kare ta ɗaure karenta ta durƙusa tare da ni. Wani mai sharar lambu ya bi duk kujeru. Kowa ya tsinci dutse mai fenti sai ya kawo mini da murna. Na koma gida da guda shida, mai fure, mai kifi, mai dariya, ba nawa a ciki.

Da wata jikar ce da ta ji bakina ranar. Amma yaya zan zagi mai sunan uwata a kan dutsen uwata? Yarinya ta raɓe a bayan ƙofa tana hawaye, ni ma na haɗiye nawa. Ishaya ya dawo aiki ya ji labari, sai ya ce wai don ya ba ni dariya:

"Inna, ai mai shi ce ta ɗauki abinta."

"Auta, ka sake faɗa, da takalmin nan zan bi ka har asibitinku."

"To Inna, in kin koma ki yi da kwalba mana, kamar Goggo Hansatu. Ai duk sheƙi ne."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ranar da aka ga kwalba a hannuna, ranar na bar gini. Ka rubuta ka ajiye, tunda kai ka yi boko."

Da gaske nake. Saura sati uku in koma, ga alkawarin randa biyu, ga Hansatu zaune tana jira. Ko in sami dutse a ƙasar nan, ko in je in gaya wa matar mai unguwa ta koma ƙofar da ta tsallake.

Zango na biyu cikin birni ne, Manhattan. Ishaya ya ce akwai kantin da ba a sayar da komai sai duwatsu. Na ce garin da ake sayar da dutse a kanti ai ya kamata ido ya gani. Muka je St. George muka shiga jirgin ruwan da ke haye da mutane, wani ƙato mai ruwan goro, ya fi cocinmu girma sau nawa. Ni da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba, na kama ƙarfe da hannu biyu ina kiran sunan Ubangiji, mutane kuwa suna ta shan shayi suna danna waya kamar a tsakar gida suke. Da muka kai tsakiya na saki hannu ɗaya. Da za mu sauka na riga Ishaya fita, don kada ya je gida ya ce na ji tsoro.

Kantin kuwa sai ƙamshin turare. Duwatsu jere a kwanduna, shuɗi, kore, ruwan hoda, duk suna walƙiya. Mai kantin, wani saurayi mai ɗan kunne, ya ce wannan na kawo barci, wannan na kawo sa'a, wancan na huce zuciya. Na ce wa Ishaya ya tambaye shi wanne ne ke goge randa. Bai ko yi jim ba ya ɗauko wani shuɗi ya ce shi ne. Na so in gwada, ya ce ba a sa kayan kanti a baki. Ishaya ya saya don ya faranta mini.

Mu magina ba da ido muke sanin santsi ba. Yatsa ya riga ya yi kanta, ƙarya yake yi. Harshe ake sawa. Muna isa bakin tashar jirgin na zauna a benci, na fito da dutsen na lasa. Na ji maiƙo kamar kyandir. Na ƙara lasa, maiƙon ya tafi, ƙarƙashinsa kaushi kamar bayan kada.

Sai na ji dariya a gefena, da Hausa kuma: "Subhanallahi! Inna, mi ya sami halshenki?"

Wani mai tebur ne, yana sayar da laima da tabarau. Ya miƙo mini ɗan madubi. Harshena ya yi shuɗi kamar na faɗa marina da baki buɗe. Rini ne suka yi wa farar tsakuwa suka shafe ta da kakin zuma.

Sunansa Isuhu, mutumin Damagaram. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya ce in tauna ko ja ya kori shuɗi. Wata biyu rabona da goro mai daɗi haka. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya daina dariya.

"Inna, uwata ma maginiya ta, a Mirya. Na san abin da kika rasa. Amma dutse ba a sayen shi a butik. Ke da ke zaune bisa tsibiri? Ku koma cikin bato, jirgin ruwan nan, ku bi har wutsiyar tsibirinku, inda ruwa ke cin wata jar gaɓa. Can nike zuwa kamun kihi ran Lahadi. Duwatsu sun hi ƙarhin ido, kuma ruwa ya gama goge su."

Na ce, "Jar gaɓa? Jar ƙasa kake nufi?"

"Ja zur, Inna. Tana kama takalmi."

Na sa masa albarka har sai da ya ji kunya. Ya ƙi karɓar komai, ya ƙara mini goro biyu a leda.

Dama Ishaya ya ɗauki hutun sati ɗaya don a fita da ni shan iska kafin in tafi. Shi da matarsa sun tsara abinsu, yau bakin teku kaza, gobe kaza. Ranar farko suka kai ni wani mai yashi zalla, mutane kwance birjik sun tuɓe, sai ɗan abin da ba a rasa ba, suna gasa kansu a rana da gangan. Na ja mayafi na rufe fuska ta gefe ɗaya. Na tona yashin nan har gwiwar hannu, ko tsakuwar da za a jefi kaza babu. Na ce, "Auta, na ga tsiraicin Amurka, na gode. Gobe a kai ni inda ɗan Damagaram ya faɗa."

Zango na uku shi ne wutsiyar tsibirin. Aka ajiye mota, muka bi wata 'yar hanya cikin ciyawa, Rifkatu da kular abinci, Ishaya da kujeru. Muna ɓullowa na tsaya cik. Ga gaɓa ja tsaye ta fi soro tsawo, ga duwatsu shimfiɗe daga gindinta har cikin ruwa, fari, toka-toka, ja, mai zane, iyakar ganinka. Na cire takalmi. Na je na ɓanɓaro jar ƙasar nan, na jiƙa, na murza ta a cinya, na naɗe a yatsa. Ba ta tsage ba. Na kai hanci. Jama'a, ƙamshin gida! Na sa Rifkatu ta juye lemon da ke cikin kula, na ɗebi abin da zai yi ɗan kasko.

A kicin ɗinsu na gina shi da yammar nan, a kan faranti, Uwani tana leƙe daga nesa don har lokacin ba ta yarda ta matso kusa da ni ba. Na bar shi ya sha iska, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shi zai zama alƙali. Duk dutsen da harshe ya yarda da shi, sai an kai shi gaban kasko.

Kwana huɗu muna komawa. Ishaya da matarsa su baje kujeru su gasa masara da kaza, ni da Uwani mu bi bakin ruwa. Ba wanda ya sa ta. Bokiti ta ɗauka ta riƙa cikowa tana zubewa a gabana, ta koma gefe ta tsaya. In ɗauka in lasa in jefar. In ɗauka in lasa in gwada a kasko, ya yi karce, in jefar. Gishiri ya tsattsaga mini leɓe. Wani ya yi santsi amma ya cika mulmulewa, yana zillewa daga hannu. Wani ya zauna a hannu amma yana da jijiya. Ba ta gaji ba, yarinyar nan. Ta ware wa kanta masu kyau a aljihu, ta kuma koyi kalma biyu tana tambayata da su: "Kaushi? Santsi?"

Rana ta biyu Ishaya ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Inna, don Allah ki rage lashe-lashen nan. Mutane na kallo. Za su ce ba ma ba ki abinci."

Na nuna masa da haɓa. Can gaba kaɗan wani tsohon Bature ne, dogo, da malafa da jakar buhu a kafaɗa. Ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya juya shi, ya kai baki ya lasa, ya duba da ɗan gilashi.

Na ce, "Shi ma 'ya'yansa ba sa ba shi abinci?"

Tsohon ya hango ni da dutse a baki, ni ma na hango shi. Ya ɗaga nasa, na ɗaga nawa. Haka muka gaisa. Ya zo ya zauna a kan wani falalen dutse ya zazzage jakarsa. Ishaya ya gudu wurin kazarsa, don haka dole Uwani ta zama tafinta, Hausar da take ɓoyewa ta fara fitowa guntu-guntu. Ta ce tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, tun yana yaro yake tara duwatsu. Shi yana lasa ne don launi ya fito. Na ce a gaya masa ni aiki nake nema, ba ado ba.

Kowane dutse yana da suna a bakinsa. Ya nuna mini wani mai ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli, da wani kore mai laushi kamar sabulu wanda ya ce ɗan asalin tsibirin ne. Sauran kuwa, wai baƙi ne kamar ni. Wai a zamanin da ƙanƙara ce ta kwaso su daga arewa mai nisa ta zube a nan. Na ce wa Uwani, "Ƙanƙara ta yi dakon dutse? Ce masa na yi zaton mu kaɗai muka iya tatsuniya." Ya yi dariya har malafarsa ta faɗi.

Da na nuna masa kaskon da yadda ake yi, sai ya natsu. Ya tona can ƙasan jakarsa ya fito da wani farin dutse mai santsi, ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai. Na gwada. Bai yi karce ba, har ya ɗan kawo haske. Dutse ne na kirki, ba zan ci amanarsa ba. Amma ya yi wa hannuna kauri, kuma hasken bai kai wanda matar mai unguwa ta tsallake ƙofa dominsa ba. Na yi godiya na ƙulle a zani.

Ranar ƙarshe ta hutu muka zo da hantsi, ruwa ya janye can nesa ya bar laka da duwatsun da ba mu taɓa gani ba. Na tattare zani na shiga. Ba ido ne ya gan shi ba, tafin ƙafata ce ta taka shi ta sanar da ni. Na sunkuya na zaro shi daga laka na ɗauraye. Baƙi wuluk. Mai faɗi. Bayansa ya ɗan dushe, amma cikinsa yana da wani lotsi mai santsi inda babban yatsa ke zama, gefensa kuma a mulmule. Na lasa gefen. Harshena ya zame kamar a kan man shanu.

Ban yi gudu ba, don ba girmana ba ne, amma na yi sauri. Na yaye tsumman kasko na bi gefen da ya rage sau uku, sau huɗu. Sheƙi ya taso. Na ga inuwar ɗankwalina a jikin jar ƙasa.

Na rangaɗa guɗa a bakin tekun New York, tsuntsayen ruwa suka watse. Ishaya ya yar da cokali ya rugo, Rifkatu tana tafi, Uwani tana tsalle. Na ce, "Ƙanen dutsen uwata ne! Uwa ɗaya uba ɗaya! A kira mini Baturen nan ya zo ya ga abin da gilashinsa bai gani ba."

Ya zo. Ya karɓa da ladabi, ya auna a hannu, ya lasa. Sai na ga ya ɗaga gira. Ya fito da 'yar tocila daga aljihu, ya manna ta a bayan dutsen ya kunna.

Dutsen ya yi kore. Kore shar, kamar ganyen albasa a rana.

Ya yi magana yana murmushi, shi a ganinsa albishir yake yi. Ba wanda ya fassara. Ishaya ya dubi sama, Rifkatu ta dubi ƙasa.

Na ce, "Auta, me ya ce?"

"Inna... wai abu ne mai wuyar samu. Wai ya fi shekara ɗari a ruwa. Masu tarawa suna son sa ƙwarai."

"Ban tambaye ka shekarunsa ba. Mene ne?"

"Gindin kwalba ne, Inna. Irin ta da, mai kauri. Teku ce ta cinye gefen."

Na karɓe abina daga hannun Baturen. Na tuna abin da na ce wa Ishaya ya rubuta ya ajiye. Na tuna Hansatu. Na juya wajen ruwa na ɗaga hannu zan wurga shi inda ya fito, sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu da hannu biyu. Uwani ce. Ta buɗe baki, kuma da Hausa, tiryan-tiryan, ba Turanci ko ɗaya:

"Kaka, kar ki jefar. Naki ma kore ne."

"Me kika ce?"

"Naki na gida. Kafin in sa fenti na haska shi da wayar Mama. Kore ne. Irin wannan."

Na sauke hannu. Na nemi dutse na zauna. Ruwa yana ta zuwa yana komawa. Sai maganar uwata ta faɗo mini, ranar da ta damƙa mini shi tana kwance: kada ki ba kowa aro, kada ki bar shi a rana. Shekara arba'in ina zaton tsoron kada ya tsage take yi.

Dariya ta fara mini daga ciki kamar shaƙuwa. Na yi ta yi har hawaye, har na riƙe haƙarƙari. Baturen ya tsorata ya tambaya ko ya yi laifi. Na ce a gaya masa bai yi ba, tsohuwata ce ta yi, kuma ta riga ta tafi inda ba zan iya kai ƙararta ba. Na jawo Uwani na zaunar da ita a cinyata, duk da ta yi girma da haka. Na ce, "Ke da mai sunanki, ku biyu kun gama da ni." Na sa mata abin a hannu, na kama yatsunta, muka ƙarasa goge kaskon tare. Na bar mata kaskon, yana nan a bakin tagar da aka yi mini sata.

Ishaya ya matso yana murmushi. "Inna, maganar da kika ce in rubuta fa?"

"Ka rubuta?"

"A'a."

"To ka ga amfanin ƙiwuya."

Na dawo gida ana girbin gero. Na gina randunan nan biyu, na goge su a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Da aka fito da su daga wuta matar mai unguwa ta zagaya su sau biyu, ta ƙwanƙwasa, ta ce har sun fi na bara. Na ce ai dutsen ya sha iskar Amurka.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Ran kasuwa da sassafe, kafin mutane su cika, na je rumfar Hansatu na zauna a kan tabarmarta, abin da ban taɓa yi ba. Na ba ta tsarabarta, farin dutsen da Baturen ya ba ni. Sannan na kwance nawa na miƙa mata, na ce ta ɗaga shi a rana.

Ba ta ɗaga ba. Ta juya shi sau ɗaya ta mayar mini.

"Wannan sabo ne. Ina tsohon?"

"Yana Amurka, ya zama ƙwaro. Hansatu, ki ɗaga ki gani mana."

"In ga me? Kore? Asabe, tun muna 'yan mata na ɗauki na innarki a ɓoye na leƙa rana da shi."

"Kika yi shiru shekara arba'in? Ina ce miki 'yar kwalba a gaban mutane?"

"To in na faɗa, wa zai riƙa ba ni dariya ran kasuwa?"

Ta lasa farin dutsen, ta gyaɗa kai, ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Ya zauna a hannunta daidai, don ita yatsunta dogaye ne. Na koma rumfata na zauna. Ba a jima ba wani mutum ya zo da keke ya tsaya tsakaninmu, yana duban nawa yana duban nata. Na buɗe baki ke nan, sai na ji muryar Hansatu ta riga ni, har rumfar masu gishiri ana ji:

"Matso nan, ɗana! Nawa da dutsen Amurka aka goge. Bar randar 'yar kwalba!"

Tawa ya saya, ku sani. Rahila, ki tabbata kin rubuta wannan.